Allurar da Ba a Soka wa Inno Ba

Ga waɗanda ke wurin ranar nan, don kada wani ya ce na ƙara ko na rage. Akwai ni, Kulu, mai wannan magana. Akwai ɗana Lawali, tsaye wajen ƙafar gado, hularsa a hannu. Akwai likita, mace, 'yar siririya, Hausarta ba irin tamu ba. Akwai Malam Sani mai yi wa yara allura. Akwai Tumba, wadda munka gudo tare daga Gangara, muke zaune gida ɗaya a Sabon Birni, ƙofa na kallon ƙofa. Jikanta take jinya a gadon da ke manne da namu, amma kunnenta yana gadonmu. Akwai Saratu matar Lawali, ita tana waje a baranda, inda na ce ta zauna. Sai mai ciwon, jikata Inno, 'yar shekara takwas.

Ban taɓa shiga makaranta ba. Sa'a ɗiyar ƙanena ke rubuta mini wannan. Na ce mata in ta gyara mini harshe babu laifi, amma kada ta gyara mini hali. Abin da na yi, a rubuta shi yadda na yi shi.

Inno ita ce ta fari wurin Lawali, kuma sunana anka sa mata, Hauwa'u. Saboda haka uba bai kama sunan, uwa kuwa kunyarta biyu ce: ga ɗiyar fari, ga sunan suruka. Da anka yaye ta ɗakina anka kawo ta, a bayana ta girma. Saratu Bafillatana ce daga Tozai, shekara tara tana gidanmu ban taɓa ganin ta ɗauki yarinyar a gabana ba, ko ta tambayi abin da ta ci. Ni kuwa da wannan nake yabonta ga mutane. Nakan ce surukata ta san kunya.

Ciwon daga kunne ya faro, na hagu. Sanyi ya wuce, zafi ya fara shigowa, sai na ga mugunya a matashinta da safe. Ba sabon abu ba ne, tun shekarar da munka bar gida muna kwana a fili kunnen yake yi yana bari. Tumba ta ce a ɗiga man shanu mai ɗumi. Wani ya ce ruwan albasa. Na yi duka biyun. Lawali ya je kemis, mai kemis bai ga yarinya ba, bai tambayi shekarunta ba, ya ƙulle ƙwayoyi na kwana uku a takarda ya miƙo. Mako na farko ke nan.

A mako na biyu kunne ya bushe. Har masa na saya na yi sadaka. Ashe ba bushewa ya yi ba, hanya ya sake. Kullum da sassafe sai ta tashi riƙe da kai, ta yi amai tun ba ta sa komai a baki ba, amai mai tsalle, babu yunƙuri babu tashin zuciya. In hantsi ya yi sai ta ɗan warware. Na ba ta tsintsiya ta ce, "Kaka, in na duƙa kaina zai faɗi." Na ce mata ƙiwuya ce, in ba ta share ba babu fura. Ta share. Ina zaune ina kallonta tana shara hannu ɗaya a goshi, kuma ni ce ake cewa babu abin da ke wuce idona a gidan nan.

Ranar Alhamis ta mako na uku, bayan azahar, Saratu ta kawo mini fura ɗaki. Inno na kwance bisa tabarma. Sai na ga hannunta na dama yana motsi shi kaɗai, kamar mai kaɗa kaza. Daga nan gefen bakinta ya kama, na dama shi ma, sannan jikin duka ya ɗauka. Ido ya juye, kumfa ta fito, ta jiƙa zanenta. Ya kai tsawon sallar azahar ɗin da na gama. Abin da na fara yi, kafin in taɓa yarinyar, shi ne na tura ƙyaure da ƙafa.

Da ta lafa, Saratu na durƙushe, na ce mata, "Abin da kinka gani ya tsaya ɗakin ga. Ko mijinki kada shi ji."

Ta ce, "To, Inna."

Sai na faɗi dalilina, ko da ba ya wanke ni. Ina da ya, wadda ta girme ni, sunanta Dije. Tana budurwa ta faɗi a bakin rijiya, sau ɗaya, mutane na kallo. Daga ranar anka ce farfaɗiya gare ta, anka ce yawunta na ɗauka. Wanda ya kawo kayanta ya aiko a mai da masa. Anka ware mata ƙwarya da ludayi da moɗa, anka ɗaura musu baƙin zare. Har ta tsufa ta mutu a ɗakin bayan gidanmu babu wanda ya sa hannu a akushinta. Wannan na gani a tabarmar nan, ba jikata ba. Kuma gidan da muke ciki yanzu ɗaki goma sha ɗaya ne, duk mutanen garinmu, randa ɗaya muke sha.

Ranar Asabar zazzaɓi ya rufe ta, wuya ya sanƙare, ba ta iya kai haɓa ga ƙirji. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Lokacin sankarau ne, an kwashi yara da dama a unguwa. Sankarau ciwo ne da ake faɗin sunansa a tsakar gida, mutane su ce Allah shi sawwaƙe, su kawo kunu. Kuma a ganina na san maganinsa. Lawali na ɗan shekara bakwai ya yi shi, a shekarar da anka kafa rumfuna don gadaje sun ƙare. Na ga an soka masa allura a gadon baya, ruwa ya ɗigo fari kamar tsarin gero, kwana biyar ya tashi yana neman tuwo. Tun daga nan na riƙe cewa ciwon ne ake tsiyayewa ta baya.

Ba ni kama sunan asibitin. Tun da hantsi muke layin kati, rana na dukan yarinya a bayana, sai kusan azahar anka kira mu. Ɗakin yara cike, wasu biyu-biyu a gado. Malam Sani ya nemi jijiya ya sa mata ƙarin ruwa a hannun dama, ya ɗaure hannun da ɗan katako. Na ce wa Saratu ta zauna baranda ta tsare kaya. Ba don kayan ba ne.

Likita ta zo ta daɗe a kanta. Ta kira ta, Inno ta buɗe ido ta amsa, ta sake lumshewa. Ta taɓa wuya, ta haska ido da tocila. Ta ciro wani ɗan ƙarfe mai fitila na leƙa can cikin ido, fitilar ta yi ja ta mutu. Ta bubbuga shi a tafin hannu, bai tashi ba. Ta yi tsaki a hankali.

"Ina mahaifiyarta?"

"Ni ce uwarta. Ɗiyar fari ce, ni na goye ta."

"To Mama, ki saurare ni. Ina zaton sankarau ne. Ina so in ɗebi ruwan bayanta kaɗan, in san wace iri ce, in san maganin da ya dace."

"Shi ya kawo mu," na ce. "A ɗiba."

"Tsaya tukuna. Ba kowane yaro ake taɓa wa baya ba. Idan akwai abin da ya cika kai yana matse ƙwaƙwalwa, aka buɗe ƙasa, ƙwaƙwalwar tana iya zamewa ta danne wurin da numfashi yake. Yaro sai ya tafi. A nan ba mu da injin hoton kai. Abin da nake da shi idona ne, da bakinku."

Wannan maganar ta zauna mini har yau. Idona ne, da bakinku. Kuma kada a ce ban gane ba. Na gane sarai. Wadda ta taɓa huda cikakken buhun gero daga ƙasa ta san ba ƙwayar da ke bakin huda kaɗai ke motsi ba, na sama duka sai ya zauna.

Ta tambayi ciwon kai, na ce akwai, kwana biyu. Ta tambayi amai, na ce sau ɗaya ko biyu, na zazzaɓi. Ba ta tambayi kunne ba, ni ma ban faɗa ba, ai ya bushe. Sannan ta ce, "Ta yi jijjiga? Ko sau ɗaya, ko hannu kaɗai?"

Na ji Tumba ta daina fifita jikanta.

Na ce, "Ba ta yi ba."

Likita ta dubi Lawali. Ya ce, "Wallahi ban gani ba, likita. Inna ta fi ni sani, wurinta take kwana." Gaskiyarsa ya faɗa.

Ta tafi ta duba wasu yara, ta dawo. Ta sake haska idon. Ta tsaya tana cizon leɓe.

"Barcin nan nata ne bai yi mini ba. Mama, kin tabbata?"

"Na ce miki ba ta yi ba. Ko ƙarya za ni yi miki da furfurata?"

Tumba ta sa baki daga gadonta: "Likita, Kulu ta. In tac ce ba a yi ba, ba a yi ba. Ko ƙuda ya gitta gidanmu sai ta san ƙafa nawa garai." Mata sunka yi dariya. Ni ma na yi.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta ce tana tunanin ta fara allurai kawai, ta bar bayan sai gobe ta ga yadda za ta kwana. Nan raina ya ɓaci. Na ce ɗan wane da ɗan wance an ɗebar musu jiya, mu da munka zo daga ƙauye da tsumma a ka shi ne za a bar tamu da ciwo a jiki? Na ce uban yarinyar ga shi tsaye, ta baya anka fidda masa nasa. Na ɗaga murya har na ƙarshen ɗaki sunka juyo. Lawali na cewa, "Inna, yi haƙuri," ina ce masa ya rufe mini baki.

Ta ce, "Mama, ɗibar ruwan ba magani ba ce, gwaji ce. Allurai ne suka warkar da ɗanki." Ban saurare ta ba. Ta daɗe tana kallon yarinyar, ta sake tambayata karo na uku, a hankali, kusa da kunnena. Na sake ba ta amsa ɗaya, da ƙarfi, don Tumba ta ji. Sai ta ce wa Malam Sani ya kawo kaya. Lawali ya dangwala yatsa a takarda.

Malam Sani ya kwantar da Inno a gefe, ya tanƙwara ta, gwiwa zuwa haɓa. Ta yi ɗan kuka siriri. Likita ta sa safar hannu, ta shafe bayan da wani magani ja, ta lalubi tsakanin ƙashi da babban yatsa. Ta ɓare allurar daga takardarta. Doguwa ce, ta fi wadda na tuna.

"Hauwa'u ta yi jijjiga."

Na juya. Saratu ce a bakin ƙofa, mayafinta ya zame har kafaɗa, ba ta gyara ba. Shekara tara ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta dube ni ba, likita take duba.

"Shekaranjiya ta yi. Hannun dama ya fara, sannan baki, sannan jiki duka. Ta daɗe. Kuma amai kullum da safe, kwana goma yau. Kunnenta na hagu ya yi ruwa kafin nan. Ni na haife ta."

Ashe tana ƙirgawa. Daga ɗakinta, ta bayan labule, tana ƙirga aman da ni na raina.

Tumba ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Farfaɗiya? Kulu, a gidan ga da muke sha randa ɗaya?"

Likita ta ajiye allurar a faranti. Na ji ƙarar ajiyewar. Ta ce wa Malam Sani ya sake ta, ya miƙe mata wuya a hankali. Ta kwance katakon nan na hannun dama, ta sa yatsunta a tafukan Inno biyu ta ce ta matse. Na hagu ya kama. Na dama ya kwanta kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta leƙa kunnen da tocila. Sannan ta cire safar ta dube ni.

"Sau uku na tambaye ki, Mama."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ta sa anka ɗaga kan gadon da bulo biyu, ta ɗaura wani ruwa na rage kumburin kai, ta fara allurai masu ƙarfi, ta rubuta takardar Sakkwato. Ta ce a tafi da ita yau in da hali. Babu hali. An tare hanya kwana biyu kafin nan, direbobi sun ce babu mai fita sai da rakiyar sojoji, rakiyar kuwa sai Litinin. Kwana biyu muna kallon yarinya tana nutsewa. Ran Lahadi idonta na hagu ya karkace. Da yamma ta daina amsa kira, sai an mintsine ta. Likitar nan kowane bayan sa'a tana kanmu, har da wayarta take haska idon. Ina gode mata, kuma ina jin haushin ƙasar da ta aje mace irin wannan a ɗaki cike da yara babu ko batir.

Ni da Saratu ba mu yi magana ba. A lokacin ban ga ta ceci kowa ba. Na ga ta tsiraita ni a gaban Tumba, ta mai da ni maƙaryaciya da tsufana, ta kuma kashe wa ɗiyarta aure tun ba ta yi nono ba. Da ta miƙo mini ruwan alwala na ƙi karɓa.

Litinin munka bi jerin motoci. Inno a cinyata, Lawali riƙe da robar ƙarin ruwa ta taga, kowane rami sai na ji kanta a ƙashina. A Sakkwato wani layin ne. Anka ce injin hoton ya lalace, sai a wani wuri cikin gari. Munka ɗauke ta a keke mai ƙafa uku munka je, anka ce sai an biya tukuna. Mahaifin Saratu ya sayar da karsanarsa a Tozai ya aiko, wanda a da nake cewa ba su san zumunci ba sai shanu.

Likitan kai babban mutum ne mai furfura a gemu. Ya ɗaga hoton ga haske ya nuna mana wani zobe, girman ƙwan zabuwa, can cikin kai ta sama da kunnen hagu. Ya ce mugunyar kunne ce ta ci hanya ta shiga ta taru, ta ture ƙwaƙwalwa gefe. Ya karanta takardar da munka zo da ita, ya ce, "An so a ɗebi ruwan baya aka fasa? Wa ya hana?"

Lawali ya sunkuyar da kai. Saratu tana kallon ƙafarta.

"Ko wane ne, ku yi masa addu'a. Da an taɓa, ba na jin da kun iso nan da ita."

Anka aske mata kai, anka huda ƙashi, anka zuƙe abin. Mako biyar munka yi. Allura safe da yamma har jijiyoyin hannu sunka ƙare anka koma ƙafa. Masu jinya a ƙarƙashin dogon yaro muke zama, mu yi girki da gwangwani, mai gadi ya kore mu, mu dawo. Magani a rubuta maka, ka je ɗakin magani a ce babu, ka fita waje ka saya. Lawali ya koma gida sau biyu neman abin da zai sayar, damina na matsowa, gonar da za a shuka ma tana inda ba mu iya zuwa. Ni da Saratu tabarma ɗaya, bargo ɗaya, magana ba ta wuce "an kira ku" da "ga tuwo". Amma na lura ta daina jira in fita kafin ta taɓa yarinyar. A gabana take goge mata baki, take kiranta da sunanta. Ban hana ba.

A mako na biyu bayan aiki Inno ta buɗe ido ta ce, "Kaka, wa ya aske ni?" Na ce mata wanzamin birni ne, bai iya ba. Ta yi murmushi da rabin baki.

Ranar sallama na tare likitan nan a hanya, ni kaɗai. Na ce ina da tambaya. Na ce jijjigar nan, yawunta na ɗauka? Ya ce ba ya ɗauka. Na ce ko farfaɗiya ta ainihi, irin ta manya? Ya ce ko ita. Ba a ɗaukarta a yawu, ba a ɗaukarta a ƙwarya, ba a ɗaukarta a numfashi. Na ce ya tabbata? Ya ce, "Hajiya, shekara talatin ina goge musu baki da hannuna." Shekara arba'in Dije na ci ita kaɗai. Ni nake kai mata tuwo, in aje a bakin ƙofa, in wanke hannu da toka.

Inno ta rayu, alhamdu lillahi. Amma kunnen hagu ya tafi, ba ya ji. Hannun dama ba ya riƙe ludayi, da hagu take koyon ci. Akwai ƙwaya da za ta sha kullum saboda jijjiga, ba a ce ga ranar bari ba. Likitan ya ce da tun kunnen na ruwa anka kawo ta da ba a kai nan ba. Man shanu da ruwan albasa na ba ta.

Don haka nake ce wa mata irina: kunnen yaro in yana mugunya ba na ɗiga mai ba ne, in ya bushe kuma yaro ya koma ciwon kai da aman safe, kada ku yi sadakar masa, ku ɗauke shi. Allurar baya ba abar gudu ba ce, ta taimaki yara da yawa a ɗakin nan ina gani. Ba kuma abar da za ku tilasta ba ce. Likita ke auna wanda za a yi wa da wanda ba a taɓawa, kuma da abin da kunka faɗa mata take aunawa. In ta tambaya, ku faɗa, ko duk garinku na tsaye. In kunya ta hana uwa shiga, ku jawo ta da hannu. Tana ganin abin da ba ku gani.

Labari ya riga mu isa gida da mako biyar. Ranar da munka dawo mata sunka cika tsakar gida, sannu da sannu, Allah shi ƙara sauƙi. Babu wadda ta taɓa ta. Ƙawayenta sunka leƙo, iyayensu sunka janye su da ido. Na ji wata na cewa ai daga dangin uwa ne, Fulani ba sa faɗin irin wannan lokacin aure. Saratu na tsaye tana ji.

Da la'asar Inno ta ce ƙishirwa. Ta nufi randa da kanta, tana jan ƙafa kaɗan. Kafin ta kai hannu ga moɗa, Tumba ta riga ta.

"A'a, ɗiyata, ga taki nan." Ta nuna wani gwangwanin tumatir da anka rataye a ƙusa, nesa da randa, an ɗaura masa baƙin zare. Ta juyo gare ni tana murmushi. "Kada ki ji komai, Kulu. Don lahiyar yara na. Ke ma kin san yadda ake yi."

Na san yadda ake yi. Inno ta dube ni, ta dubi gwangwanin. Ta sha a ciki.

Washegari da na idar da sallar asuba, na je na ciro gwangwanin daga ƙusa, na aje shi a bakin turmi na sa taɓarya na daka shi har ya zama faifai. Ƙarar ta fito da kowa daga ɗaki. Na dama fura a babbar ƙwaryata, na ɗauki ludayi ɗaya, na shimfiɗa tabarma a tsakiyar gida, a hanyar randa, inda duk mai ɗibar ruwa sai ta kewaye mu. Na zaunar da Inno. Ta sha da hannun hagu, fura na zuba ta gefen bakin da bai gama dawowa ba. Na karɓi ludayin yadda yake na sha, na lashe bayansa, na mayar mata.

Tumba na tsaye da bokiti. Na ce, "Ina kwana, Tumba. In kina sha ga wuri."

Sannan na ɗaga murya yadda ɗaki goma sha ɗaya za su ji.

"Uwar Hauwa'u! Fito ki zauna."

Labule ya daɗe bai motsa ba. Da ta fito, a bakin tabarma ta durƙusa, kanta a ƙasa. Na ce ba nan ba, nan, kusa da ɗiyarki. Ta matso. Inno ta cika ludayin tana zubar da rabi, ta miƙa mata. Ta karɓa ta sha.

Munka shanye ta mu uku, ina kankare gindin ƙwaryar. Da munka gama na ba Inno moɗar gida a hannu, na ce ta je randa ta ɗebo mini ruwa.